Aike a Bakin Tanki

Kwamba, Suleja

Zuwa ga Gwaggo Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar taki, ya mutanen Izom? Umma tana gaishe ki, Siddiq ma haka. Na san da na kira ki a waya cewa za ki yi ba kya jin komai sai ƙara, in zauna in rubuto kamar yadda kika koya wa ɗalibanki. To ga shi na rubuto, na ba direban da ke kawo miki magani.

Kullum kina yi mini tsiya wai wane irin aiki ne wannan da ba ya faɗuwa a baki. Bari in gwada yau. Cibiyarmu tana horar da masu shiga wurare masu haɗari, irin su tankunan mai na ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi. Maimakon a kai mutum bakin tanki na gaske, sai a ɗaura masa wani gilashi a fuska, ya ga kansa a filin aiki, ga tanki, ga tsani, ga abokan aiki suna kai da kawo. Abokan aikin nan ba mutane ba ne, a cikin kwamfuta suke. Kunle abokin aikina shi ke zana musu fuska da tufafi. Ni kuwa hali nake gina musu, wato abin da kowannensu zai yanke idan abu ya ɓaci.

Damuwata, Gwaggo, mutanen nawa sun cika hankali. Idan ɗaya ya shaƙi mummunar iska ya faɗi a cikin tanki, sai ki ga sauran sun ja da baya cikin natsuwa, wannan ya danna ƙararrawa, wancan ya kira masu ceto, sannan su jeru a inuwa kamar masu jiran likita. Shugabarmu Madam Toyin ta kalla sau ɗaya ta cire gilashin ta ce, "Lauratu, waɗannan ai mala'iku ne. Ni mutanen Suleja na ce ki yi mini." Kuma gaskiyarta. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa sau da yawa ba wanda ya fara faɗuwa kaɗai ake rasawa ba, har da wanda ya bi shi ceto. Idan mutanena ba sa yin wannan kuskuren, ba abin da za su koya wa kowa.

Kin dai ji ƙanena Siddiq ya samu aiki a wani kamfanin wanke tankuna. Ba za su bari ya fara ba sai ya ci jarrabawar cibiyarmu. Matsayin da suka ba shi shi ne mai tsaron baki, wanda ke tsayawa a sama yana lura da igiyar wanda ya shiga. Babbar dokarsa ita ce kome ya faru a ƙasa, shi ba ya sauka.

Yanzu ga roƙona. Ina ƙarama Baba ya rasu, Umma kuwa da na ɗauko zancen sai ta miƙe ta shiga madafa. Ke ce kika je wurin kika ji daga bakin waɗanda suka gani. Don Allah ki rubuto mini yadda aka yi, daga lokacin da aka ji shiru zuwa lokacin da ya taka tsani. Na san na taɓo miki miki. Ki yafe mini.

'Yarki,
Lauratu

*

Izom

'Yata Lauratu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma gode Allah da kuke lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ita da damina ba sa ga maciji. Ki gaishe da mahaifiyarku da kyau.

Wato duk karatun nan da aka sha, 'yan tsana kike yi. Da kin faɗa tun wuri ai da na haɗa ki da jikokin maƙwabta, su ma da laka suke yin nasu, kuma ba sa neman lantarki. Wai gina hali! Ke da har yau ba ki gina wa kanki halin karyawa kafin ki fita ba.

Na yi kwana da kwanaki takardarki tana kan tabarma ban amsa ba, don raina ya sosu. Amma ubanki ne, kina da hakkin ki sani.

Emmanuel yaron kudu ne, ɗan haya a gidanku na Kwamba, tare suke aiki da ubanki, ƙanena Dogara. A kwano ɗaya suke cin tuwo, har azumi yakan taya mu na rabin yini don neman suna. Ranar sun je wanke tanki a wani gidan mai da ke hanyar Diko. Emmanuel ne ya sauka. Yana ciki yana waƙoƙinsa na coci, sai waƙar ta tsaya. Aka kira, shiru. Aka ƙwanƙwasa ƙarfe, shiru. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, direbobi da masu talla da 'yan kallo. Waɗanda suka gani sun ce ubanki ya je bakin ramin ya leƙa, ya dawo, ya sake zuwa, ya sake dawowa. Sai wani daga cikin taron ya ce, "To haka za mu tsaya muna kallo? Ba namiji a nan?" Har yau ba a san ko wane ne ba. Dogara ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya yi bismilla, ya sauka. Da masu kashe gobara suka fito da su, hannunsa yana riƙe da wuyan rigar yaron.

Uwar Emmanuel ta taso tun daga garinsu, ta durƙusa a tsakar gidanku tana kuka da yarensu, mu muna kuka da namu. Ban ji kalma ɗaya ba, kuma ban rasa komai ba.

Wannan shi ne ubanki. Da shi nake ɗaga kai a Izom da Suleja, kuma da labarinsa na raini Siddiq duk hutun da aka kawo mini shi. Yanzu ke ki gaya mini, me kuke koya wa 'ya'yan mutane a cikin gilashin nan? Cewa Dogara kuskure ya yi? Kalmar da kika rubuta ke nan, na ja mata layi. Idan ilimin naku shi ne mutum ya ji ɗan'uwansa ya yi shiru a rami ya koma inuwa, to ku riƙe abinku. Ina tsoron ku fitar mini da yaro daga jarrabawa da takardar shaida a hannu, ba zuciya a ƙirji.

Allah Ya yi miki albarka duk da haka. Ki riƙa karyawa.

Gwaggonki,
Safara'u

*

Kwamba, Suleja

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa a kan kalmar da kika ja wa layi. Na karanta wasiƙarki a cikin keke napep a hanyar ofis, mai keken har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce masa e, amma ta daɗe.

Gwaggo, akwai abin da na gani da ban san wanda zan gaya wa ba sai ke.

Ni da Kunle mun yi makonni muna bin masu wannan aiki, daga garejin Diko har cikin gari. Duk wanda muka tambaya ko zai sauka, sai ya ce, "Ni? Allah Ya kiyaye, ai na san doka." Amma da an kawo shayi hira ta yi daɗi, kowa yana da labarin ranar da ya sauka ko ya kusa. Sai na bar amsoshinsu na kama labaransu, na haɗa da naki. Na zuba wa kowane mutum nawa abubuwa kaɗan, kowa da gwargwadonsa: tsoro, sanin doka, kusancinsa da wanda ya faɗi, kunyar idon jama'a, da girmama na gaba. Na kuma sa shirun da ke fitowa daga rami ya riƙa yi musu nauyi, yana ƙaruwa muddin ba a amsa ba. Ban rubuta wa kowa cewa ya sauka ba. Wallahi ban rubuta ba.

Muka kunna muna kallo a allo. Na ciki ya faɗi. Wani gajere mai jar riga ya taka zuwa bakin tanki, ya leƙa, ya ja da baya. Ya juya ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya sake matsawa, ya sake dawowa. Tsoronsa da kunyarsa suna ta kokawa, ina ganinsu a gefen allo, wannan ya hau wancan ya sauka. Da 'yan kallo suka ƙaru, sai kunya ta rinjaya, ya kama tsani. Da ya yi shiru, wani ya bi shi. Sannan wani.

Kunle ya miƙe tsaye da hannu a ka yana cewa, "Lauratu, who teach am? Wa ya koya masa?" Madam Toyin ta jawo kujera ta zauna. Ni kuwa na kasa ɗauke ido. Da hannuna na rubuta abin nan, na san kowane layi, amma zuwan nan da komawa da mai jar riga ya yi ban san daga ina ya fito ba. Na tuna abin da kika ce Baba ya yi. Na fita waje na tsaya a rana ina ta salati. 'Yan abubuwa biyar kawai na haɗa suka ba ni tsoro haka, ina ga Wanda Ya halicci zuciya sukutum, Ya kuma san abin da kowace za ta yanke.

Ban ƙara ganin abin a matsayin wauta ba, Gwaggo. Mafi kirkin cikinsu su ne suke fara sauka. Shi ya sa abin yake da ciwo.

Mun gwada duk dabarar da muka sani don mu tsayar da su, don ina iya maimaita abin sau dubbai a kwamfuta ina zaune. Mun kafa allon gargaɗi, suna karantawa su wuce. Mun ƙara musu sanin doka har ya kai maƙura, sai dai su ɗan jinkirta. Mun sa shugaban aiki ya riƙa ihu, "Kada kowa ya shiga!" Suna ji, kuma suna shiga, don hani ba ya rage nauyin shirun nan.

Sai ga Siddiq ya zo jarrabawa. A rubuce ba wanda ya kai shi a ajinsu. Aka ɗaura masa gilashi, na ciki ya faɗi, ya saki igiya ya sauka. Idan mutum ya sauka gilashin yakan yi duhu, alamar ya mutu ke nan. Na ja shi gefe na yi masa faɗa, ya rantse mini ba zai sake ba. A karo na biyu ya fi na farko sauri. Da ya cire gilashin duk ya jiƙe da gumi, ya ce, "Yaya, na san kwamfuta ce, na san ƙarya ne. Shirun ne. Ba na iya tsayawa a kansa."

Saura masa dama ɗaya. Idan ya faɗi, aikin ya tafi, kin kuma san daɗewar da ya yi yana nema. Amma ba aikin ne ke hana ni sukuni ba. Idan wannan kamfanin ya ƙi shi, zai tafi wurin masu wanke tanki na bayan fage waɗanda ba ruwansu da jarrabawa, ya riga ya faɗa mini. Na ga ƙanena ya mutu sau biyu a allo, ina tsaye kusa da shi.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Lauratu

*

Izom

Lauratu,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya.

Da na kai inda kika ce Siddiq ya sauka, ba zan ɓoye miki ba, sai da na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har murmushi na yi. Na tashi na ɗora tukunya, na dawo na karanta sauran, abincin nan dai almajiran maƙwabta ba su gan shi ba, kaji ne suka ci, don ya ƙone ina zaune a gabansa.

Sau biyu kika ce. Ni sau ɗaya aka kawo mini Dogara a bayan mota an lulluɓe shi da zanen wata mai tuwo, kuma ya ishe ni har in koma ga Allah.

Ban sauka daga maganata ba. Ba na son yaron da zai juya wa ɗan'uwansa baya. Amma kuma ba na son a sake kawo mini kowa a bayan mota. Na juya abin nan ta kowace fuska na rasa inda biyun suke haɗuwa, ni da na yi shekaru ina raba wa yara gardama a makaranta.

Tambaya ɗaya gare ni. Kin ce kina iya maimaita abin sau dubbai kina zaune. A duk dubban nan, ba a taɓa samun ranar da 'yan tsanar taki suka fito da na cikin ramin ba tare da wani ya bi shi ba? Ko sau ɗaya? Ki duba da kyau, kada ki yi mini duban 'yan zamani.

Allah Ya tsare ku.

Gwaggonki

*

Kwamba, Suleja

Gwaggona,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da sauri na yi shi.

An samu. Ba sau ɗaya ba ma, wani ɗan gungu ne a cikin dubban, na daɗe ina ganinsa ina ɗauka matsalar na'ura ce. A cikinsu ba wanda ya sauka, kuma an fito da na ciki da rai. Da muka bi diddigi sai muka tarar kuskuren Kunle ne. Tun farko ya gina wani dattijon shugaban aiki mai yawan aike, don filin ya yi kama da na gaske: wane kawo bokiti, wane ɗauko tiyo. Ya kamata dattijon ya daina aiken nan da zarar haɗari ya faru, Kunle ya manta bai kashe masa ba. Sai ga shi mutum yana kwance a ƙasan tanki, tsohon nan yana ta rabon aike abinsa.

Gwaggo, na ga mai jar riga ya ɗora ƙafa a kan tsani. Dattijon ya kira sunansa ya ce ya ɗauko igiya. Ya tsaya cak. Ya sauke ƙafar ya tafi ɗauko igiya.

Na koma na duba abin da ya faru a cikinsa. Hani yana barin mutum tsaye hannu sake, ido a kansa, shiru yana cinsa. Aike kuwa yana ba shi abin yi, ya kuma cire masa kunya, don ba wanda zai ce da ɗan aike matsoraci. Ga girmama na gaba da na zuba musu, wadda ta hana su ajiye saƙon babba su kama wani abu. Ni na sa musu ita don su riƙa gaisuwa da ladabi, ban taɓa zaton ita za ta riƙe su ba.

Muka koma garejin Diko muka tambaya. Wani direba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ko gidanmu ne ke ci da wuta, in Oga ya ce miƙo sifana, sai na miƙa tukuna." Duk wurin aka sa dariya, ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido.

Yanzu mun canza horon gaba ɗaya. Ba ma koya wa shugabanni su ce kada a shiga. Muna koya musu su kira kowa da sunansa su ɗora masa aiki: kai juya injin jan igiya, kai kunna fankar iska, kai kore 'yan kallo, kai tsaya a titi ka tare motar ceto. Wanda ya fi kowa zafin zuciya shi ake fara aika. Ashe ba sai an juya wa na ciki baya ba, daga sama ake ciro shi, kuma aikin yana cin hannu da yawa. Madam Toyin ta ce za a rubuta abin a aika wa masana, har da sunan Kunle, wanda yanzu yake yawo yana cewa da gangan ya manta.

Sai dai murnata ragaggiya ce. A ƙananan ayyuka mai tsaron baki shi ne babba a sama, ba wanda zai aike shi, shi ne mai aikawa. Haka jarrabawar Siddiq take. Na gwada, na ce masa ni yayarsa na umarce shi ya riƙe igiya. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Laure, ke da muke wawar ƙanzo tare?" Umma kuwa ta kasa ko buɗe baki a kan zancen.

Jarrabawar tana ƙarshen wata. Ki zo ki ga mutanen nan da idonki, Gwaggo, gani ya kori ji. Zan sa a ɗauko ki.

'Yarki mai ƙaunarki,
Lauratu

*

Izom

'Yata Lauratu,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, direban ya kai ni har ƙofa. Ki gode wa Madam Toyin da karamcinta, ki ce wa Kunle na yafe masa dariyar da ya yi lokacin da na ce sai an ɗaura mini gilashin a kan ɗankwali.

Kin yi ta tambayata a bakin mota me na gani, na ce miki sai na rubuto. Ba jan rai ba ne, bakin ne ya ƙi. Ke kin ga tsohuwa tana ihu a tsakiyar ɗaki babu kowa a gabanta. Ga abin da ya faru da ni.

Da aka ɗaura mini, ɗakinku ya ɓace. Ga jar ƙasa, ga rana tana duka, ga rediyon wani yana ta surutu a gindin bishiya. Na miƙa hannu in taɓa ganga, na kama iska. Wani ya wuce ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya," ni kuma da girmana na amsa har da tambayar mutanen gida. Subhanallahi. Na yi karatu, na karantar, ban taɓa zaton zan rayu in tsaya a wurin da babu shi ba.

Sai na cikin tankin ya yi shiru. Lauratu, shekara da shekaru ina ba da labarin shirun nan, ashe ban san shi ba. Ya hau mini ƙirji. Na ga gajeren nan naki mai jar riga ya je ya leƙa ya dawo. Ko kusa bai yi kama da Dogara ba, ƙanena dogo ne siriri, amma da ya juyo ya dubi mutane yana neman wanda zai ce wani abu, na san duban nan. Haka yake dubana muna yara idan an tsokane shi a gaban jama'a.

Kin koya mini abin da zan faɗa, igiya da fanka da sauransu. Duk suka gudu daga kaina. Na ga ƙafarsa a kan tsani, sai na ji muryar da nake tsayar da layin makaranta da ita ta fito da kanta: "Kai mai jar riga! Zo nan! Je ka kawo mini kujera!"

Ya tsaya. Ya juyo ya ce, "To, Hajiya." Ya sauke ƙafarsa ya tafi neman kujera a filin da ba ku gina kujera ko ɗaya ba. Daga nan hankalina ya dawo, na rarraba wa sauran aiki, suka juya injin, na ga an ciro mutumin yana lilo a jikin igiya, aka kwantar da shi ya yi tari. Mai jar riga ya dawo yana ba ni haƙuri wai bai samu ba.

Abin da ya sa kika ga na zauna a ƙasa ke nan. Kujera, Lauratu. Duk taron nan na hanyar Diko, da direbobi da dattawa, da an samu mutum ɗaya ya ce Dogara kawo kujera, da ya je. Na san ƙanena, da gudu zai je, ko ruwa yake sha kika aike shi sai ya ajiye moɗa. Da wataƙila yanzu yana nan da furfurarsa yana damun mu da surutu.

Ban janye komai daga abin da na ce game da shi ba. Namiji ne, kuma Allah Ya ga abin da ya yi. Amma a mota na yi ta tasbihi har Izom, ina mamakin yadda Ubangiji Ya ajiye maganin abu a kusa da shi haka, a cikin ladabin da muke koya wa yara tun suna rarrafe, sai da 'yar tsana ta nuna mana. Na daina ce musu 'yan tsana, sai dai ban san me zan ce musu ba.

Akwai wata takarda a cikin wannan, na naɗe ta daban. Ta Siddiq ce. Ki ba shi hannu da hannu kafin jarrabawa, kuma kada ki buɗe, na san halinki.

Allah Ya ƙara miki basira, Ya jiƙan mahaifinki.

Gwaggonki,
Safara'u

*

Izom

Siddiq,

Sallama. Tashi tsaye ka karanta wannan, gwaggonka ce ke magana.

Ni na ba ka labarin ubanka tun kana zama a cinyata, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Yau ba labari zan ba ka ba, aikenka zan yi.

Duk ranar da wani ya yi shiru a ƙarƙashinka, a cikin gilashin yayarka ne ko a tanki na gaske, ka riƙe mini igiyar nan da hannu biyu. Ka kira duk wanda ke wurin da sunansa ka ba shi aiki. Ka ciro mini ɗan mutane daga sama. In wani ya ce ba namiji a nan, ka ce masa an aike ka ne. Idan an gama, ka shiga mota ka zo Izom da ƙafarka ka gaya mini yadda aka yi, don ba na karɓar saƙo a bakin wani.

Ba ranar da wannan aike zai ƙare, ko ina raye ko na mutu. Ubanka ranar ba wanda ya aike shi. Kai na aike ka.

Ina jira.

Gwaggonka,
Safara'u